Direban da Bai Taɓa Wuce Ƙofar Daji Ba

Litinin, 3 ga Maris

Baba ya sake tayar da maganar komawa gidansa. Na ce a'a, kamar kullum. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi bara na ɗauko shi, kuma nan zai zauna. Hannun hagu bai gama dawowa ba, Inna ba ta duniya, wa zai duba shi can? "Uwata, ni fa ba ƙwai ba ne," in ji shi. Na ce ai ƙwai ya fi shi jin magana, inda aka ajiye shi nan yake zama. Bai yi dariya ba. Da can da ya yi.

Laraba, 5 ga Maris

Ya wuni a bakin taga yana kallon motoci, abincin rana ko taɓawa. Abban yara ya ce kulawar tawa ta fara zama kurkuku. Na ce ya bari sai ya tsinci nasa uban a ƙasan banɗaki tukuna. Bakin nan nawa dai, Allah ya shirya.

Alhamis, 6 ga Maris

Sabon salo. Wai in kai shi gandun dajin bayan gari. Na ce Baba, dajin da ka sani kamar yunwar cikinka? Duk rayuwarsa direban motar makaranta ne, kowace shekara shi ke kai yara can. A bakinsa muka ji labarin tsohuwar ganuwa, da kogon, da biran da ke wawure burodi.

Ashe bai taɓa shiga ba. Ko sau ɗaya! "To wa zai tsare motar?" A bakin ƙofa yake zama da rediyonsa, yara su fito su cika masa kunne, shi kuma ya kawo mana gida.

Na ce za mu je, amma a keken guragu. Ya ce to, da saurin da ya sa na yi zargi.

Asabar, 8 ga Maris

Ina rubutu ƙafata a kan matashi. Bari in fara daga farko.

Abban yara ya kai mu. Muna isa Baba ya ce masa, "Kai, tsaya ka tsare motar." Ya tsaya kuwa, yana dariya. Matar da ke yankar tikiti ta ce mu bi hanyar ƙasa, ita ce shimfiɗaɗɗiya.

Muna wuce ƙofa ƙarar gari ta ɗauke ɗif. Sanyi, ƙanshin danyen ganye, tsuntsaye kowa da bakinsa. Bishiyoyi sun haɗe kai ta sama, rana sai leƙe. Baba ya cire hularsa ya ɗaga kai ya daɗe a haka.

Sai ya ce in tsaya. Ya miƙe, ya karɓi jakata da gorar ruwa ya aza a kujerar, ya zagaya ya kama hannuwan keken. "Kin ce a keke, ba ki ce wa zai hau ba." Na yi faɗa har na gode Allah. Ko a jikinsa. Ya kama hanya, keken na tallafe shi.

Mun ga biran. Ɗaya ya biyo mu yana leƙen jakata, Baba ya gaishe shi, wai sun daɗe da sanin juna a labari. Mun ga ramukan da mutanen zamanin da suke narka tama a ciki, ƙasar wurin baƙa har yau.

Sai ganuwar. Yara sun yi ta gaya masa ta fi motarsa tsawo. Iyakarta ƙugunsa! Ya yi dariya har da hawaye. "Ashe 'yan banzan nan ƙarya suka yi ta shara mini!" Rabon da in ji wannan dariyar tun kafin asibiti. Daga baya ya dafa duwatsun da hannun hagun, yana kallon kufan ɗakuna a ciki, kowanne da zagayensa. Ya ce, "Dubi, Uwata. Kowa da ɗan gidansa." Na yi kamar ban ji ba.

A dawowa na lura ya fara jan ƙafa. Sai na shiga gabansa ina tafiya da baya da baya, idona a kan ƙafafunsa. Baba ga saiwa, Baba ga dutse, Baba a hankali. Ina cikin "Baba ga saiwa" wata ta harɗe ni. Tim! Na so in miƙe, idon sawuna ya ce ban isa ba. Waya babu sabis, hanya babu kowa.

Bai ruɗe ba. Ya sauke jakar ya ɗora mini a cinya bayan na rarrafa na hau keken. "Fasinja ta zauna? Mu je."

Na ce wallahi ba za ka iya ba, mu jira wani. Ya ce in yi shiru, ba a yi wa direba surutu. Keken na ta ja zuwa hagu saboda hannun, yana gyarawa yana mita, wai sitiyarin nan na son bakanike. Ya tura, ya huta, ya tura. Ina jin numfashinsa a bayan kaina. Muka haɗu da ayarin 'yan makaranta, ya yi musu "pim, pim" da baki, suka dare suna shewa. Malaminsu ya zo zai karɓa, Baba ya ce ya gode, ba ya ba da motarsa.

Da ƙofa ta bayyana ya tsaya, ya ce a hankali, "Tun da na kwanta, kai ni ake yi. Yau ni na kawo wani."

Allah ya taimake ni gaba nake kallo, bai ga fuskata ba.

Lahadi, 9 ga Maris

Targaɗe ne. Ƙafa ta kumbura suntum.

Talata, 11 ga Maris

Shi ke kawo mini ruwan zafi, da hannu ɗaya, a hankali, bai zubar ba. Shi ke tuna mini lokacin magani, nasa kuma ya sha ban ce uffan ba. Ɗazu na ce zan leƙa kicin, ya ce, "Zauna, kar ki faɗi." Da muryata ya faɗa, sak. Abban yara har da riƙe ciki. Ni haka nake magana?

Alhamis, 13 ga Maris

Likita ya duba mu duka biyu. Ya yaba wa Baba, ni ya yi mini faɗa. Baba bai sake tayar da maganar gidansa ba, kuma shirun ya fi damuna.

Lahadi, 16 ga Maris

Mun kai shi gidansa. Na mako ɗaya ne kawai, na faɗa masa, na faɗa wa Abban yara, na faɗa wa maƙwabciyarsa da za ta riƙa leƙa shi. Ya buɗe tagogi da kansa, ya ƙi a taya shi. Ya rako mu har bakin titi, ya tsaya yana nuna wa Abban yara yadda zai yi kwana, kamar yau ya fara tuƙi. Ban waiwaya ba. To, sau ɗaya.

Mako ɗaya ne. Sai da muka iso gida na tuna har da bargonsa na sanyi na cusa a jakar kayansa, ga shi zafi ake yi, sanyi kuwa sai ƙarshen shekara.