Taken Sarkin Noma a Gidan Rawar Madrid

Kafur,
12 ga Yuli, 2024.

Zuwa ga ƙanina Awaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa kana lafiya, Ya tsare ka a ƙasar mutane. Mu nan lafiya lau. Damina ta zauna, masara ta kai gwiwa, ƙafar Baba ma da sauƙi.

Hoton bidiyon da ka turo ya iso, kuma da ka san abin da zai jawo da ka bar shi a wayarka. Mun ga gidan rawar da kake aiki. Mun ga masu cin abincin dare ƙarfe goma, da mai jita, da matar nan mai jan siket tana dukan katako da dunduniya kamar mai sussuka. Duk wannan ruwansu ne, kowa da kiɗan garinsu. Abin da ya ƙona min rai shi ne da aka miƙa maka ganga, ka rasa abin bugawa sai taken marigayi Sarkin Noma Maharazu. Kai ɗan makaɗin noma ne, ka san take sunan mutum ne. Kana tsaye a bakin gonarsa ranar da aka binne shi, Baba ya ce ya buga taken nan na ƙarshe. Shekara tara bai taɓa shi ba, ko a gayya, ko da aka roƙe shi.

Ƙaninmu Jibril ya kunna bidiyon a tsakar gida yana murna, bai lura Inna Hajo, matar marigayin, ta shigo aron rariya ba. Tana jin bugu uku ta gane, ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Turawanka kuwa suna ta tafi da ɗaga kofuna. Wallahi kunya ta hana ni raka ta ƙofa.

Baba ya sa aka sake kunnawa, ya saurara har ƙarshe. Ya ce hannunka ya faɗa, babu kuskure ko ɗaya, sannan ya ce, "Da ya buga, wa ya duƙa ya kama garma?"

Ka san gangar gidan nan kai yake ajiye wa. Yanzu ya ce ranar gayyar huɗa, Asabar ta sama, zai miƙa ta ga Sanda na Bakori, wanda ko dangi ba mu haɗa ba. Kada ka turo min bayani cewa al'adarmu kake tallatawa. Ka kira Inna Hajo ka ba ta haƙuri tukuna, sannan Baba, tun kafin Asabar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Naja'atu da Bushra suna gaishe ka, Jibril ma haka. Na tambayi Baba ko in sa gaisuwarsa, ya ce in bar wurin babu komai.

Yayarka,
Barakatu