Ƙarfen Barandar Kawu

Litinin, 3 ga Maris

An sallamo Tela daga asibiti. Likita ya ce ƙafafun ba za su sake ɗaukarsa ba. A gabana ya faɗa, na ce "to, mun gode," kamar wadda aka ba canji. Mijina ne, ya kamata in yi kuka. Ban yi ba.

Laraba, 5 ga Maris

Kawu ya sauko da mu daga bene zuwa ɗakin ƙasa, kusa da famfo. Gidan nasa ne, mu 'yan haya ne, ko da yake ƙanen Inna ne. Ya tsaya a bakin ƙofa yana cewa, "Sannu, surukina. Tsautsayi ne." Tela ya kalli bango.

Tun bara muke gaya masa ƙarfen barandar sama ya ci tsatsa, gindinsa yana rawa. Kullum amsarsa ɗaya: "Mai walda yana nan zuwa." Ranar da abin ya faru, Tela ya jingina ne kawai zai miƙo min shanya, ƙarfen ya ɓalle, ya faɗo ƙasa.

Asabar, 8 ga Maris

Wanki. Juya shi. Magani. Wanki.

Talata, 11 ga Maris

Na hau sama ɗauko tukwanena. An mayar da ƙarfen wurinsa, an ɗaure da waya, an shafa masa fenti kore har kan wayar. Ya yi kyau ƙwarai. Na taɓa, fentin bai bushe ba, ya ɓata min yatsa. Na sauko na manta da tukwanen.

Juma'a, 14 ga Maris

Inna ta zo tun da safe, don ta ji wani ma'aikacin duba gine-gine zai zo. Ta ja ni bayan ɗaki.

"Kar ki tona wa ɗan'uwana asiri. Shi ya riƙe mu bayan rasuwar babanki."

Na ce na ji.

Mutumin ya zo da hantsi, dogo, takalminsa duk laka. Daga tsakar gida ya ɗaga kai ya kalli barandar, bai hau ba. Ya ce wajibi ne mai gida ya gyara duk abin da zai cutar da mai haya, musamman idan an sanar da shi. Sai ya juyo gare ni: "Kun taɓa sanar da shi?"

Kawu yana gefe, Inna tana bayana. Na ce ban tuna ba. Bakina ne ya faɗa, ni ina can ina kallon lakar takalminsa.

Lahadi, 16 ga Maris

Tela ya ji komai ta taga. Ya ce dai in rufe keken ɗinkinsa da zane, ba ya son ganinsa.

Alhamis, 20 ga Maris

An ba da hayar ɗakinmu na sama. Wata malamar makaranta ce da mijinta direba, da tagwaye 'yan mata da ba su daɗe da fara gudu ba. Ta zo gaishe ni, mai yawan dariya. "Yaya, ai barandar nan ce ta ja ni. Yara za su samu wurin wasa."

Na ce Allah ya sa alheri. Na ci gaba da dauraya.

Asabar, 22 ga Maris

Ina shanya na ɗaga kai, sai ga ɗaya daga cikin tagwayen ta zura ƙafa tsakanin ƙarafan tana lilo, tana yi min dariya. Ban san lokacin da na hau matakala ba. Na ɗauke ta na miƙa wa uwar, na kama ƙarfen da hannu ɗaya na girgiza. Wayar ta tsinke, gefe guda ya ɓalle ya rataya.

Malamar ta zauna a ƙasa, ta rungume yaran. Na gaya mata komai, da muryar da nake karanta wa Tela takardar magani. Kawu ya fito yana faɗa: "Ni za ki yi wa haka? A gidana?"

Na ce, "Mun gaya maka, Kawu. Tun bara."

Na maimaita wa ma'aikacin nan a waya, a gaban kowa.

Laraba, 26 ga Maris

An hana kowa hawa baranda sai an sauya ƙarfen duka. Mai walda ya zo, ashe yana da ƙafa. Kawu ba ya amsa gaisuwata. Inna ba ta ɗaga waya. Wataƙila mu tashi, ban san ina ba.

Da rana Tela ya ce ruwan wankan ya yi zafi, na sirka, ya ce ya yi sanyi. Na dangwarar da bokitin na ce, "Kai ma fa ka fiye iyayi!" Na yi ta masifa har maƙogwarona ya yi zafi. Ya zuba min ido, sai ya fashe da dariya, ya ce, "Sannu da zuwa. Ai na ɗauka ba za ki dawo ba."

Ba wani abu ba ne. Gajiya ce kawai. Na dai daɗe a bakin famfo ina wanke fuska.