Kan Jirgin Baba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Baba. Na rubuto ne tunda kin daina ɗaga wayata, direban kamfaninmu zai miƙo miki takardar.

Hoton da kika turo ya ɓata mini rai. Ɗan ƙaramin kan jirgin ƙasan Baba mai aiki da lantarki a kife a kan teburin ɗinkinki, ga wuƙar kicin a gefensa. Wuƙa fa, Auta. Ƙanƙantarsa ba ta mayar da shi abin wasan yara ba. Abokan aikin Baba ne suka ba shi ranar da ya ajiye tuƙin jirgin ƙasa, kuma an daina ƙera irinsa. Shekara ashirin da biyu ba wanda ya taɓa cire murfin jikinsa, har ni da nake injiniya. Ke da keken ɗinki kawai kika sani, wa ya sa ki?

Ki mayar da shi akwatinsa har in zo. Ki gaishe da Baba.

Yayanki

Zuwa ga Yaya,

Ina gaisuwa, da fatan aiki lafiya. Mu ma muna nan, in dai ka damu da sani.

Na daina ɗaga wayarka ne saboda tambaya ɗaya na yi maka, ina sukurorin suke, ka yi ta mini tsawa har wata mai kawo ɗinki ta miƙe ta fita. Ka ce wa ya sa ni. Tun da ciwon shanyewar jiki ya kama Baba, maganarsa ta ɗauke, abin da ke zaunar da shi a falo shi ne kallon jirgin nan yana zagaya layinsa. Ranar Talata ya tsaya cak, fitila na ci, taya ba ta juyawa. Kwana huɗu ke nan Baba ya juya fuska bango. Abinci sai na yi ta lallashi yake karɓar cokali biyu.

Ka ce in jira ka zo. Yaushe? Wata bakwai rabonka da gidan nan. Ni ke juya shi, ni ke ba shi magani, amma ban isa in kwance sukuru ba.

Wuƙar kuwa zare na yanka da ita. Ko dai ka gaya mini yadda ake buɗewa, ko in gano da kaina.

Ka huta lafiya.

Ƙanwarka

Zuwa ga Auta,

Gaisuwa mai yawa. Ban san abin ya kai haka ba, da ma tun farko kin faɗa. Amma ban ji daɗin ƙirga mini watanni ba, ai ba yawo nake yi a nan ba.

Tunda kin kafe, ki bi a hankali. Ki shimfiɗa tawul, ki kwantar da shi a kai. Sukurori huɗu ne a ƙasa, biyu a fili, biyu a ɓoye bayan tayoyin gaba, sai kin karkata su za ki gani. Ki zuba su a murfin kwalba. Sannan ki zura tsohon kati tsakanin murfin da gindin, ki ɗan buɗa gefe da gefe har kunnuwan da ke riƙe da shi su saki. Ki ɗaga sama sak, akwai siririyar wayar fitila a ciki.

Idan ɓangaren baya ya ƙi, ki tsaya nan. Kada ki tambaye ni dalili, ki dai tsaya.

Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Yayanki

Zuwa ga Yaya Injiniya,

Bayan gaisuwa. Na bi bayaninka, na kuma gode. Na dai yi ta mamakin yadda wanda bai taɓa buɗe abu ba ya san inda sukurorinsa suka ɓuya.

Ɓangaren baya ya ƙi, kamar yadda ka faɗa. Ban tsaya ba. Na haska da tocila, sai ga gam, tsoho, ya yi ruwan ƙasa, an lafta shi inda kunnuwa biyu suka karye tun tuni. Rabin yini na yi ina kankare shi da tsinken warware ɗinki. Baba yana kujerarsa yana kallo. Da murfin ya fita, na nuna masa gam ɗin, na ce, "Baba, wa ya yi wannan ɓarnar?" Ya daɗe yana motsa baki, sannan ya ce, "Yayanki." Ya yi dariya har da tari.

Ashe ya sani tun lokacin da ka buɗe shi ka karya, bai taɓa tona maka asiri ba. Kai kuma ka zauna kana zagina a kan wuƙar da ban ko taɓa jirgin da ita ba. Na tsani a raina ni, Yaya, balle a kan laifin wani.

Ciwon jirgin ba wani abu ba ne. Zare da gashi ne suka nannaɗe haƙoran injin. Na tsince su da hantsaki, na ɗiga man keke, ya tashi. Da na ɗauko murfin zan mayar, Baba ya riƙe mini hannu. Haka yake so, a buɗe, yana ganin cikin yana juyi. Jiya ya cinye abincinsa tas, ya kuma sa na ba shi biro. Takardarsa na ciki, da hannun hagu ya rubuta, awa guda ya ɗauka. Ban gyara masa komai ba.

Ni dai har yanzu ina fushi. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka

Babban ɗana,

Ina gaishe ka.

Auta ta fi ka hannu. Ka ba ta haƙuri. Ka zo, ina son ganinka.

Babanka