Na Kunna Fitilar Hazo, Aka Ce Ba Ni Da Biyayya

Zuwa ga Mai Girma Babban Manaja,
Kamfanin Fatu da Gyaɗa,
Zariya.

Daga Garba Direba, Tudun Wada.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da duk waɗanda ke aiki a ƙarƙashinka. Ni ne Garba, wanda ya tuƙa wa kamfaninka mota shekara goma sha ɗaya, bakwai a babbar motar kaya, huɗu a ƙaramar motar ofis. Na so mu yi wannan magana a cikin ofishinka. Sau uku ina zuwa, sau uku masinja yana ce mini ba ka da sarari. Tun da kuwa an manna takarda a ƙofar gareji, inda kowane direba da ɗan dako ke wucewa, an rubuta sunana an ce an sallame ni saboda rashin biyayya, ni ma zan ba da amsa a inda kowa zai karanta.

Na farko, wanda aka sallama.

Na koyi tuƙi a Sabon Gari tun mota tana abin kallo, tun mata na gudu cikin gida in sun ji ƙararta. Daga lokacin zuwa yau ban taɓa taka ko akuyar wani ba, ban taɓa jefa kayan kamfani a rami ba. Lasin ɗina yana nan, babu tabo a jikinsa.

Ranar da aka sauke sabuwar motar ofis daga jirgin ƙasa, ni da Baba Yohanna, babban bakaniken gareji, mutumin Wusasa, muka wuni a kanta. Shi yana karanta littafin da ta zo da shi, ni ina taɓa kowane maɓalli da hannuna. A nan na san amfanin ƙananan fitilu biyu masu ruwan ɗorawa da ke ƙasa, dab da bamba, ƙarfen nan na gaban mota. Su ne fitilun hazo. Haskensu ƙasa yake bi, yana nuna bakin hanya. Manyan fitilu kuwa in ka sake su cikin hazo, hasken dawowa yake yi idonka kamar ka haska farin bango. A nan kuma na san ƙananan fitilun da ke allon gaban direba. Ja in ta kama alhali injin na aiki, batir ne ba ya samun caji, kana iya lallaɓawa har gida. Koriya in ta kama, baƙin mai ba ya zagaya injin, wannan kam tsayawa ake yi nan take. Baba Yohanna ya sa na maimaita masa wannan har sau uku kafin ya ba ni makulli.

Na biyu, abin da ya faru a kwarin Galma.

A tsakiyar daminar nan aka ce in kai sabon mataimakinka, ƙaramin Baturen da bai yi wata uku a ƙasar nan ba, ya duba sitonmu na fatu a ƙauye. An kwana ana ruwa. Muka tashi bayan na yi sallar asuba. Muna gangarawa kwarin Galma sai hazo ya rufe mu, irin wanda ke kwanciya a kan ruwa bayan an sha ruwan sama, har ba na ganin ƙarshen hancin motar sosai.

Na rage gudu, na sassauta manyan fitilu, na kunna na hazo. Bature ya buga kujerata daga baya, ya ce da 'yar Hausarsa: "Kunna babba! Babba duka!" Na ce masa: "Ranka ya daɗe, in na kunna babba mu biyu za mu makance." Ya sake faɗa da ƙarfi. Don kada ya ce na raina shi, na sake masa manyan na ɗan lokaci. Gabanmu ya koma fari fat, ko hanyar ba a gani. Na mayar da su yadda suke.

Ba mu yi nisa ba, a bakin gada, hasken nan na ƙasa ya nuna mini ƙafafu. Ƙafafu kawai na gani, babu jiki. Na taka birki. Ashe mata ne su biyar, Fulani, ɗauke da ƙoren nono za su kasuwa, suna tafe a tsakiyar hanya saboda gefe duk laka ne. Ta bayansu tsohuwa ce, tsakaninta da bamba bai kai taku huɗu ba. Ta juyo ta dube ni, ta gyara ƙwaryarta, ta ce: "Sannu, mai mota." Ko nononta bai zube ba.

Ranka ya daɗe, wannan shi ne rashin biyayyata na farko. Ba na jin kunyarsa. Da na bi umarni, da yanzu a gaban alƙali nake, sunan kamfaninka kuma yana bakin kowane Bafillace daga nan har Soba.

Na uku, koriyar fitila.

A hanyar dawowa rana ta fito, hanya ta yi kyau. Saura kamar mil shida mu shigo gari sai koriyar fitila ta kama, ta ƙi mutuwa. Na gangara gefe na kashe injin. Bature ya duba agogonsa ya ce yana da baƙo da zai tara a tashar jirgi, in tuƙa, ai 'yar fitila ce kawai. Na fita na leƙa ƙarƙashin motar. Baƙin mai na ɗiga, ya ja layi a bayanmu iya ganin ido. Na kira shi ya gani, ya ƙi fitowa. Ya ce ko in tuƙa ko in ba shi makulli.

Ban ba shi ba. Wannan ma ba na musu. Na ce masa motar amana ce a hannuna, kuma kai ka ba ni ita. Na tare masa wata motar kaya da ke shigowa gari, ya hau gaba kusa da direba yana ta faɗa. Ni kuwa na zauna gindin wata ɗorawa ina gadin motarka har bayan la'asar, lokacin da aka zo aka ja ta.

Na huɗu, abin da aka gano.

Baba Yohanna ya kwance ƙarƙashinta a gaban kanikawa huɗu. Bututun mai ne ya tsage, ga alama dutse ya buge shi a hanyar ƙauye. Ya ce da an ƙara ko mil ɗaya da injin ya buga, da sai an aiko da wani daga ƙasar Turawa, motar ta yi watanni a jingine. A yini ɗaya ya gyara ta. Ita ce kake shiga yanzu kowace safiya.

Wannan bayani bai iso teburinka ba. Abin da ya iso shi ne rahoton mataimakinka, wanda ya ce na ƙi umarni sau biyu a rana ɗaya. Ba wanda ya kira ni, ba wanda ya kira Baba Yohanna. Aka ba ni takardar shaidar aiki mai layi biyu, layi na biyu yana cewa ba na jin magana. Matata Asabe ta ji labarin a bakin rijiya kafin in iso gida in gaya mata da bakina. Wannan ya fi komai yi mini ciwo.

Na biyar, wanda aka ba makullina.

Ba ni da ƙulli da Sani, direban da ya maye gurbina. Mutum ne mai ladabi, hannunsa ma da kyau a kan sitiyari. Amma ba wanda ya koya masa fitilun nan. Da magariba, sama garau, yake ratsa Tudun Wada da fitilun hazo da manyan duka a kunne, don a ga sabuwar mota. Masu keke sai su kauce cikin kwata don ba sa gani. Na tsayar da shi ran nan na tambaye shi me koriyar fitila ke nufi, ya ce shi dai ya san tana da kyau. Ya kuma ga abin da ya same ni. Ranar da ta kama masa, aka ce ya tuƙa, tuƙawa zai yi.

Buƙatuna.

Ba na roƙon a mayar da ni aiki. Wani attajiri a unguwarmu da ya ji labarin matan nan daga bakinsu ya aiko aka kira ni, yanzu motarsa nake ja zuwa Funtuwa. Abin da nake nema uku ne.

A kira Baba Yohanna ya faɗi abin da ya gani, a gabanka da gaban mataimakinka. In maganarsa ta yi daidai da tawa, a cire takardar ƙofar gareji, a sake rubuta mini shaidar aiki ta gaskiya, wadda zan iya nuna wa 'ya'yana.

A kafa doka a kamfani cewa direban da ya tsaya saboda fitilar mai bai yi laifi ba, ko wane ne ke zaune a bayansa.

A kuma ba ni izinin shiga gareji ranar Lahadi da safe, in zaunar da Sani da sauran direbobi in nuna musu fitilun nan ɗaya bayan ɗaya, yadda aka nuna mini. Ba na son ko anini. In mataimakinka yana so ya zo, akwai benci, ba kuma zan tayar da abin da ya wuce ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da adalci, ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya ko ba ta yi daɗi ba. Allah ya tsare duk wanda ya shiga motar nan, da duk wanda ke tafe a ƙasa a gabanta.

Ina jiran amsarka. Gidana ba ya ɓata: kowa ka tambaya a Tudun Wada, ka ce Garba Direba, zai nuna maka.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Garba Direba,
Tudun Wada, Zariya.