Rigar Ɗan Fari

Tudun Wada, Zariya
Maris, 1956

Goggo Suzana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafar ta yi sauƙi.

Karatun Badun ya kai ni ga zama tafinta. Wani likita Bature yana binciken hankalin waɗanda ake tuhuma, ni ce bakinsa. Jiya aka kawo mana wata mata, Ishatu. Ɗanta ya mutu a rijiya, maƙwabta suka ce ita ta tura shi. Likita ya tambayi sunan yaron, ta sunkuyar da kai. Ya sake tambaya, ta ce, "Yaron nan." Ko hawaye babu. Ya rubuta cewa zuciyarta ta bushe, alamar taɓin hankali, yana murna kamar ya tsinci dami a kala.

Goggo, ɗan fari ne! Wace uwa ce za ta kama sunansa a gaban baƙo? Amma in na yi shiru, za a kulle ta da mahaukata, ba ranar fita. In na yi magana, sai kotu, wataƙila igiya. Wanne ne taimako?

Ɗiyarki,
Keziya

*

Keziya,

Ƙafa da sauƙi, mun gode Allah.

Ki faɗa masa, amma kada ki cika baki. Kunya tana rufe mai gaskiya, tana rufe mai laifi. Ku daina tambayar bakinta. Ku ajiye mata rigar yaron, ku fita.

Ke ma 'yar fari ce, uwarki ba ta taɓa kiran sunanki ba, har kika ce mini ba ta damu da ke ba. Ranar da kika tafi Badun, da ɗankwalinki ta kwana. Har yau yana ƙarƙashin matashinta.

Allah ya yi miki albarka.
Goggonki

*

Goggo,

Ina gaisuwa.

Mun ajiye rigar a kan tabarma, muka laɓe a bayan taga, likita da alƙalaminsa. Ta daɗe tana kallon ƙofa. Sannan ta cusa fuskarta a cikin rigar, ta kira sunansa, ta ce, "Kailani." Likita ya soke abin da ya rubuta. Yanzu so yake ya bi Zariya gida-gida yana tambayar iyaye mata sunan 'ya'yansu. Allah ya ba shi haƙuri.

Ya shaida lafiyarta ƙalau, za ta tsaya gaban alƙali. Ko ta tura shi, ban sani ba. Riga ba ta faɗi wannan ba.

Ki ce wa Inna ta riƙe ɗankwalin. Ina zuwa ran Asabar.

Keziya