Kifin Kawuna ya mutu, ana shirin rufe wa wani ruwa, kuma ni ce na jawo

Assalamu alaikum 'yan gidan nan, manya da ƙanana. Admin don Allah ki ɓoye sunana, kada ko garinmu ya fito, a bar shi a kan tsakanin Kura da Bunkure kawai. Shawara nake nema wurinku, kuma ta gaggawa, domin yau Alhamis, abin kuma ranar Asabar ne bayan La'asar. Wanda zai zage ni ya zaga, na riga na zagi kaina fiye da haka, amma idan ya gama ya bar min shawara a ƙasa.

Ni budurwa ce, na gama sakandare shekara uku ke nan, ban ci gaba ba. A hannun Kawuna na tashi, yayan mahaifiyata, tun ina 'yar shekara biyar da ta rasu. Sana'ata sayar da duro, irin shuɗin nan na roba. Ina shiga Kano in sayo waɗanda kamfanoni suka gama da su, in ɓare takardar jikinsu, in wanke, in sayar wa mata suna tara ruwa ko jiƙa shinkafa. Yawanci na kamfanin kayan sha nake ɗauka, ka buɗe ka ji ƙanshin lemo, wanki ɗaya ya isa. Ni mutum ce mai gaggawa, kowa ya sani, Kawu ma Jirgin Sama yake kirana, wai ban taɓa shiga ɗaki na rufe ƙofa a hankali ba.

Shi Kawu manomin rani ne, amma gwiwa ta hana shi sunkuyo, sai ya haƙa rami a gefen gonarsa ya koma kiwon tarwaɗa. Ruwan da yake cika ramin daga ƙaramin kanal yake zuwa, wanda ya ratsa gonakin layinsu. Ga waɗanda ba su san tsarin nan ba, kowane layi yana da ranar ruwansa, ranar ake buɗe musu get, wato ƙofar ruwan, kowa ya ja nasa. Kifin nan wata biyar yana fama da su. Da sassafe zai tafi yana ɗingishi da bokitin abinci, yana watsa musu yana yi musu faɗa kamar suna ji, akwai wani ƙato da ya sa wa suna Ciyaman saboda shi yake fara cinye na kowa. Saura mako uku a kwashe.

Ranar Litinin ta makon jiya na je Kano, wanda na saba saye wurinsa ba shi da kaya, sai wani a gefensa ya ce yana da guda huɗu masu kauri. Na buɗe ɗaya, a ƙasa akwai ragowar wani abu kamar man gyaɗa amma ya fi kauri, rawaya-rawaya, warinsa ba shi da ƙarfi. Na tambaye shi mene ne, ya ce shi ma bai sani ba, na kamfani ne, amma ba komai, ko ruwa ba ya haɗuwa da shi. Ya ɗiga a cikin kofin ruwa ya nuna min, abin ya dunƙule ya tsaya shi kaɗai. Ni kuwa a kaina sai na ce to shi ke nan, abin da ba ya narkewa a ruwa ai ba zai ɓata ruwa ba. Tun a cikin adaidaita na fara ɓare takardun jiki ina jefarwa, ban karanta ko ɗaya ba, don mata ba sa son duro mai rubutu.

Kawu ya taɓa hana ni wanke duro a kanal, sau biyu ma. Amma a gida sai na ja guga ya fi talatin daga rijiya, ga rana ta fara zafi. Sai na ce mai adaidaitan ya sauke ni a bakin ƙaramin kanal ɗin, can sama da gonaki inda mata suke wanki. A lissafina ranar ba ranar ruwan layin Kawu ba ce, Talata ce tasu. Abin da ban sani ba, an yi musayar rana da layin gaba saboda gyaran get, a masallaci aka sanar, ni kuwa ina zan ji. Na ga ruwa yana gudu sosai, na ma ji daɗi, domin mu nan an ɗauka duk abin da ka zuba a ruwa mai gudu ya tafi ke nan. Abin ya ƙi fita da ruwa zalla, ya manne a jikin robar, sai na juye omo leda biyu na dinga girgizawa har ya zama fari kamar madara, na tuntsurar a kanal. Haka na yi wa duka huɗun. Cikin minti kaɗan ruwan ya koma garau kamar ba a yi komai ba. A daidai lokacin Kawu yana can ƙasa ya buɗe wa raminsa ruwa.

Kafin La'asar kifin suka fara tasowa sama suna buɗe baki, wasu suna juyi a wuri ɗaya, wasu suna kifewa cikinsu a sama. Kawu ya ɗauka iska ce ta yi musu kaɗan, sai ya ƙara buɗe ruwan kanal ɗin don ya sabunta musu. Wannan ne yake hana ni cin abinci, da hannunsa ya ƙara musu. Washegari da safe babu ko ɗaya mai motsi, har Ciyaman. Masu banda suka zo suka ce ya ba su a yadda yake za su ƙyafe, ya kore su, ya ce abin da bai san me ya kashe shi ba ba zai shiga cikin ɗan wani ba. Ya sa aka haƙa rami aka binne. Ina tsaye a wurin, kuma wallahi a ranar ban kawo kaina a ciki ba, ko kuma na ƙi in kawo, ban sani ba.

Sai maganar ta faɗa kan maƙwabcin gonarsa, zan ce masa Malam Iro, ba sunansa ba ne. Tumatir yake yi, kuma a ranar an gan shi da injin feshi a baya, Kawu ma ya gan shi yana ɗaurayewa kusa da ruwa. Malam Iro ya ce e ya ɗauraye, amma da bokiti ya ɗebo, a ƙasa ya zubar, kuma a ƙasan inda Kawu yake jan ruwa ne, ruwa ba ya komawa baya. Ba wanda ya saurare shi. An ce sun yi cacar baki sosai a bakin gona, Kawu ya ce masa shekara talatin suna raba goro ashe baƙin ciki yake yi masa, shi kuma ya ce Allah ya isa tsakaninsa da duk wanda ya yi. Wannan Allah ya isan a kaina ta sauka, shi bai sani ba. Kawu ya kai ƙara wurin kwamitin ruwa, kuma dokarsu ita ce wanda aka kama ya zuba magani a kanal, a rufe masa ruwa har ƙarshen rani. Tumatirin Malam Iro yanzu yake fure. Duk wanda ya san zafin nan ya san idan ya yi kwana goma ba ruwa sai dai a saka awaki. Mutumin yana da 'ya'ya bakwai, kuma gonar nan ita ce kawai.

Yadda na tabbatar kuwa, ranar Juma'a ina juya duro ɗaya zan kai wa kwastoma, sai na ga guntun takarda da ya rage a gindinsa. Akwai zane a cikin jan layi mai kusurwa huɗu, busasshiyar bishiya, a ƙasanta kifi a kwance cikinsa a sama. Na ɗauki hoto na tura wa yayar wata ƙawata da ta karanci harkar kifi, na ce mata wai wata ce ta tambaye ni. Ta kira ni nan take, ta ce in gaya wa watan kada ta kuskura ta sayar wa kowa duron nan, kuma kada ruwan wankinsa ya je inda kifi yake. Na ce ai ba ya narkewa a ruwa. Ta ce irin su ne ma masu mugunta, ɗan abin da ya shiga ruwan, wanda ido ba ya gani, ya isa. Wai kifi duk numfashinsa da ruwan da yake bi ta gefen kansa yake yin sa, shi kuma irin wannan kemikal ɗin ya fi son kitse a kan ruwa, don haka yana samun jikin kifi sai ya bar ruwan ya shige ya taru. Na ce to idan an sa omo fa. Ta ce omo shi ne yake farfasa shi ƙanana-ƙanana ya bi ruwa ko'ina, da an bar shi a dunƙule ma da ya fi sauƙi. Sai ta ce, "Ƙanwata, watan nan dai ba ke ba ce ko?" Na kashe wayar.

Duk da haka ban yarda ba, ni ba na yarda da abu sai na gani. Na sayi ƙananan karfasa shida masu rai wurin masunta a babban kanal, na zuba ruwan rijiya a bokiti biyu a bayan ɗakina. Ɗaya na bar shi haka, ɗayan na zuba ruwan a cikin duron da na riga na wanke tas, na girgiza, na mayar. Ruwan fes, za ka iya cewa a sha. Na sa uku-uku. Kafin a kira Azahar na bokiti na biyu sun yi irin juyin da na Kawu suka yi, sun kife. Na ɗayan bokitin har yanzu suna nan da ransu, ina ba su dusa, na rasa yadda zan yi da su.

Na san abin da za ku ce, ki je ki faɗa. Na gwada. Sau biyu ina zama gaban Kawu, na ce Kawu akwai magana, ya ɗago ya ce Jirgin Sama yau kuma ina za a sauka, sai na ce ba komai maganar katin waya ce. Mutumin nan yana da hawan jini, tun da abin ya faru rabin tuwonsa yake ci, kullum da safe sai ya ɗauki bokitin abincin kifi kafin ya tuna ya ajiye. Fushin da yake yi da Malam Iro shi ne yake riƙe da shi a tsaye. Idan na faɗa, ga kifi ya tafi, ga 'yar da ya yi rainonta ita ta yi bayan ya hana ta, ga shi ya tsaya gaban mutane ya ɗora wa abokinsa abin da bai yi ba, kuma Kawu mutum ne da ake yanke hukunci da maganarsa a layin. Sannan ruwan nan bai tsaya a raminsa ba, ya shiga albasar mutane, a ƙarshen kanal kuma shanun Fulanin rugar gabas suke sha. Ba a ce komai ya same su ba, amma ranar da aka ji sunana kowa zai tuna akuyarsa da ta yi zawo.

Na yi tunanin in rubuta takarda ba suna in jefa wa kwamiti, amma duk yankin ni kaɗai ce mace mai sayar da duro. Na yi tunanin in je wurin Malam Iro a ɓoye, to in ce masa me, ya yi haƙuri a rufe masa ruwa? Shekaranjiya na haɗu da shi a hanya yana tura keke, na yi kamar ban gan shi ba, shi ya fara gaishe ni, ya ce 'yata yaya ƙafar Kawun naki, a ce masa ya dinga shafa man zafi. Da ya zage ni da ya fi min.

Abin da ya sa na rubuto yau shi ne, ɗazu bayan Azahar Kawu ya kira ni. Ya ce an gaya masa an gan ni a bakin kanal da safiyar Litinin ɗin nan, ya san wankin kaya na je. Ya ce tunda ina wurin, ranar Asabar in shirya in bi shi mitin, in tsaya in faɗa wa kwamiti abin da na gani, ba ƙari ba ragi. Ya ce, "Ke ba kya ƙarya, bakinki ne dai ba shi da birki, za su yarda da ke." Ya daɗe yana kallona bayan ya faɗa, ban sani ba ko kallon yarda ne ko akwai abin da ya fara hasashe. Na ce to.

Don Allah ku ba ni shawara, kuma kada a tsaya a kan ki yi addu'a, ina yi. In faɗa masa a gida kafin Asabar, ko in nemi wani babba ya shiga tsakani, kuma wa, tunda manyan duk suna cikin kwamitin? Masu ilimin lafiya, akwai yadda ake gaya wa mai hawan jini irin wannan magana? Duron huɗu suna kulle a ɗakina, ban san inda ake kai irinsu ba, ina tsoron binnewa ina tsoron ƙonawa. Ƙarya dai ba zan tsaya in yi wa Malam Iro ba, wannan na sani. Abin da na kasa shi ne kalmar farko. Guntun takardar mai hoton kifin yana cikin bayan wayata, da ita nake rubuta muku yanzu, Kawu kuma yana tsakar gida yana tambaya ko na goge masa rigar da zai sa ranar Asabar.