Bi Bayansa, Kada Ka Wuce Shi

Gummi, Oktoba 2013

Zuwa ga Malam Labbo,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, ya jiki, ya iyali? A gaishe min da maiɗakinka, Baba Safiya. Na san ba ka jin magana a waya sosai yanzu, shi ya sa na ba Dabo direba wannan takarda.

Malam, tun da ka sa ni gudu a sakandare ban daina ba, amma ciwona yana nan inda ka san shi. Da an busa usur sai in fita kamar an koro ni, in bar kowa baya, rabin hanya kuma ƙafafuna su zama na katako. A kilomita goma har yau ban taɓa sauka ƙasa da minti talatin da huɗu ba.

Watan gobe za a yi gasa a Gusau, mutum uku na farko za a ɗauka su yi wa jiha gudu. Baba ya ce wanga shi ne na ƙarshe: in ban shiga ukun ba, in ajiye takalmi in kama fadama sosai. Ban yi masa musu ba, don shi ma ƙarfinsa ya ja baya. Na ji Namadi na Bukkuyum, wancan ɗalibin naka mai dogayen ƙafafu, shi ma zai je. Ka taimake ni da dabara.

Ɗalibinka,
Uwais

Anka, Oktoba 2013

Uwais,

Wa alaikumus salam. Saƙonka ya iso, muna lafiya, muna gode wa Allah.

Ƙafafunka ba su da laifi, kanka ne ke da gaggawa. Daga yanzu, bayan asuba ka riƙa bin bakin gulbi a hankali, gudun da za ka iya hira a cikinsa. Idan ka wuce masunta ba ka iya amsa gaisuwarsu da cikakken numfashi ba, ka yi sauri. Sau biyu a mako ka je inda yashi yake da laushi ka yi gajeren gudu mai zafi, ka huta, ka sake. Makon gasa ka rage komai. Kada ka sa sabon takalmi, kada kuma ka cika cikinka da fura da safen ranar, na san halinka.

Dabarar gasa ɗaya ce. Ka nemi Namadi, ka manne a bayansa, kada ka wuce shi ko da mutane suna yi maka ihu. Sai saura kilomita biyu ka saki abin da ka tara. Wannan magana ta tsaya tsakaninmu.

Ka gaida mahaifinka da Innarka.

Malaminka,
Labbo

Bukkuyum, Nuwamba 2013

Malam, Allah ya ƙara maka lafiya,

Gaisuwa mai yawa. Na samu takardarka. Ni ka san ba na iya dogon rubutu.

Hawan tudu da ka ce ina yi, har matata Habsu ta ce ko wani abu na jefar can sama da nike komawa nema. Maganar fura kuma na ji, ko da yake ba ta yi min daɗi ba.

Dabarar da ka ba ni na riƙe. Zan manne a bayan Uwais na Gummi, ba zan wuce shi ba sai saura kilomita biyu. Ban gaya wa kowa ba. Wallahi har tausayinsa nike ji.

Naka,
Namadi

Gummi, Nuwamba 2013

Zuwa ga Malam Labbo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, Malam, ban san ko in fara da godiya ko in fara da ƙara ba.

Da anka busa usur, mutane sunka fita da gudu, ni ko na nemi bayan Namadi. Sai na ga ya rage. Na rage. Ya ƙara ragewa, yana kallona ta gefen ido. Kafin mu yi nisa, mu biyu ne na ƙarshe, kafaɗa da kafaɗa, kowa na neman bayan ɗan'uwansa. Wata tsohuwa mai sayar da awara a bakin titi ta ɗaga murya ta ce, "Ku biyun nan amarya kuka rako?" Jama'a sunka kwashe da dariya.

Namadi ya ce, "Kai, wuce mana!"

Na ce, "Kai wuce. An ce in bi bayanka."

Ya ce, "Wa ya ce?"

Na ce, "Malam."

Ya ce, "Wane Malam? Ni ma haka ya ce min!"

Malam, dariya ta kusa kada mu. Amma da na hango na gaba sun yi nisa sai na tuna maganar Baba. Namadi ya ce, "To mu raba aikin. Ni in ja kilomita guda, kai ka ja guda." Haka munka yi. In ya gaji in karɓa, in na gaji ya karɓa. Abin mamaki, rabin hanyar da kullum nike mutuwa, nan na ji kamar yanzu na fito gida. Munka fara tsintar mutane ɗaya bayan ɗaya, wani riƙe da ciki, wani ya koma tafiya. Kowannensu ni ne a da.

Da saura kilomita biyu ya ce, "Abota ta ƙare nan." Na ce, "Na yarda." Wani yaron Talata Mafara ya riga ya tsere mana. Namadi ya shigo na biyu, ni na uku, numfashina a wuyansa. Mintocin da anka rubuta mana, daga ni har shi ba wanda ya taɓa yin irinsu a baya, kuma na karya talatin da huɗun nan da sarari.

Da na dawo, da yamma na ji Baba ƙofar gida yana ba maƙwabta labarin gudun kamar yana wurin.

Yanzu ga tambayarmu, ni da Namadi, don mun yi gardama a mota har inda munka rabu. Shi ya ce mantuwa ka yi, ka rubuta mana abu guda. Ni na ce da gangan ne. Wane ne mai gaskiya?

Ɗalibinka,
Uwais

Anka, Disamba 2013

Uwais da Namadi,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi. Safiya ta yi guɗa har maƙwabta suka leƙo.

Game da tambayarku, ni tsoho ne, ba na tuna abin da na rubuta a watannin baya.

Ku zo Anka ranar Juma'a, za a yi muku tuwon shinkafa da miyar kifi, mu tsara shirin gasar ƙasa. Ku taho tare. Amma idan kun iso ƙofar gida, don Allah wani ya shige gaba, kada tuwon ya huce.

Malaminku,
Labbo